Wasiƙa zuwa ga Sadik a kan jirgin Spitfire mai kujera biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana Sadik, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan duk lafiya lau, Ummanku da ƙannenka suna gaishe ka.

Na ji saƙonka cewa ka tara wajen fam 3,000 daga aikin da kake yi a ƙarshen mako, kuma kana so ka kai su filin jirgin Biggin Hill da ke kusa da Landan a ɗauke ka a Spitfire, tsohon jirgin yaƙin Ingila, na rabin awa. Kuɗin guminka ne, ba zan hana ka ba. Amma tunda ka nemi shawarata, ni kuma a ƙarƙashin fiffiken jirgi na ci abinci har na yi ritaya, ga abin da nake gani. Ka fara tambayar kanka wace kujera kuɗin nan za su saya maka. Ta baya ce, ta fasinja. Kai kuwa yanzu kana da lasisin tuƙi, kuma kujerar da aka ƙera jirgin nan dominta ita ce ta gaba, wadda ɗalibi ke zama malami yana bayansa.

Spitfire ya fara tashi a watan Maris na 1936, an ƙera sama da 20,000, kuma duk tsawon yaƙin duniya na biyu masana'anta ba ta fitar da ko ɗaya mai kujera biyu ba. Saurayi sa'anka zai koyi tuƙi a ƙaramin jirgin koyo Tiger Moth, ya wuce zuwa Miles Master ko Harvard, sai wata rana a miƙa masa ɗan littafin bayanin Spitfire, malami ya tsaya a kan fiffike ya nuna masa maɓallai, ya sauka ya bar shi. Tashinsa na farko a cikin jirgin shi ne tashinsa shi kaɗai. Sun yi haka ne don yaƙi ya matsa, ba don ita ce hanyar da ta dace ba, kuma jirage da rayuka da dama sun salwanta a filin horo tun ba a ga abokan gaba ba. Jamusawa sun sha irin wannan wahala da Messerschmitt 109, wanda ƙafafunsa ke tsuke, har ta kai su ga mayar da wasu masu kujera biyu, samfurin da suka kira G-12. Rashawa su ma sun yanka wasu Spitfire ɗin da aka ba su suka ƙara kujera da kansu.

Sai bayan yaƙi, a 1946, kamfanin Vickers ya ɗauki wani samfurin Mark 8 ya ƙara masa kujera don gwaji. Rundunar sojan sama ta Ingila ba ta saya ba, hankalinta ya riga ya koma kan jiragen jet. Ƙasashen waje ne suka saya. An juya samfurin Mark 9 guda 20: Indiya ta ɗauki 10, Ailan 6, Holan 3, Masar 1. Aikin ba ƙaramin aiki ba ne. Sai da aka tura mazaunin matuƙi gaba da inci 13 da rabi, aka buɗe na biyu a bayansa aka ɗaga shi sama kaɗan don malami ya riƙa hangen gaba, kuma hakan ya ci wurin tankin mai. Na Ailan sun yi aiki tun daga 1951 har wajen shekara goma, shi ya sa suka tsira lokacin da ake narkar da 'yan'uwansu a matsayin tsohon ƙarfe. Da yawa daga masu kujera biyun da ke tashi yau kuwa a 'yan shekarun nan aka juya su, bayan da hukumar jiragen sama ta Ingila ta yarda a riƙa ɗaukar fasinja da kuɗi.

Kai ka saba da ɗan jirgin makaranta mai taya a gaba, wanda ke zaune daram kana ganin titi shimfiɗe a gabanka. Spitfire tayarsa ta uku a wutsiya take, hancinsa a sama, kuma a cikin hancin akwai injin Merlin mai fistin 12, lita 27. Yana ƙasa ba ka ganin komai a gabanka sai ƙarfe, dole ka riƙa karkata shi hagu da dama kana leƙe ta gefe. Ba kuma za ka yi ta jan lokaci ba, domin ruwan injin yana saurin zafi idan jirgin bai tashi ba. Birkinsa na iska ne, da hannu ake matsa shi a jikin sandar tuƙi, kuma idan ka matsa da ƙarfi sai ya kifa da hanci, farfela ta ci ƙasa. Saboda haka a ranar iska mai ƙarfi makanikai kan hau wutsiya su danne ta har jirgi ya isa bakin titi. A 1945 wata ma'aikaciya mai suna Margaret Horton tana kan wutsiya matuƙi ya manta da ita ya tashi, ta maƙale har ya zagaya ya sauko, kuma ta rayu. Jirgin nan, mai lamba AB910, yana nan har yanzu.

Da zarar ka ba injin wuta, ƙarfin farfela zai nemi ya karkatar da kai daga titi, sai ƙafarka ta riga shi a kan feda. Kana tashi kuma sai ka sauya hannu, domin totur yana hagu, madaukar tayoyi tana dama: ka saki totur, ka kama sanda da hagu, ka ɗaga tayoyi da dama. A daidai nan ake gane sabon shiga daga ƙasa, jirginsa yana ta tsalle sama da ƙasa. Duk wannan, wanda ke zaune a baya da kyamara a gabansa ba zai koya ba. In sun kai sama lafiya matuƙi zai ce maka jirgi yana hannunka, ka ce ka karɓa, ka ɗan karkata shi na 'yan mintuna, sannan ya karɓi abinsa kafin a zo wurin da aikin yake.

Shawarata ita ce ka kai kuɗin nan inda ake koyar da jirgi mai taya a wutsiya. Chipmunk ko Tiger Moth ko Piper Cub, duk wanda ka samu kusa da kai. Abin da zai saya maka rabin awa a Spitfire zai saya maka awoyi masu yawa a can, da malami, kuma za a rubuta su a littafin tuƙinka. Daga nan sai Harvard, wanda tsofaffin matuƙa ke cewa in ka iya saukar da shi lafiya to Spitfire ba zai ba ka kunya ba. Masu koyar da Spitfire a filin jirgin Goodwood da ke kudancin Ingila ma ta wannan tsani suke bi da ɗalibansu. Yaron mota ba ya karɓar sitiyarin tirela ranar da ya zo tasha. Ka dubi Carolyn Grace. Mijinta Nick ya yi shekaru yana gyara wani Spitfire mai lamba ML407, ɗaya daga cikin na Ailan, jirgin da ya harbo wani jirgin Jamus ranar 6 ga Yuni 1944 a gaɓar Normandi ta Faransa. Ya tashi da shi a 1985, ya rasu a hatsarin mota a 1988. Matar ta zauna ta koya a wannan jirgin da malami, sai a 1990 ta tashi da shi ita kaɗai, ta kuma ci gaba da tuƙa shi shekara da shekaru.

Na san jirgin yana jan ka, kuma ban ga laifinka ba. Mu ma muna da ɗan rabo a tarihinsa. Tun daga 1940 ake sauke jiragen yaƙi a akwatuna a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartoum har Alƙahira, akasarinsu Hurricane da Blenheim a farko. Kuma akwai rundunar Spitfire ta 91 da aka laƙaba wa sunan Najeriya saboda gudummawar kuɗin da aka tara a ƙasar nan. Iyayenmu ba a tambaye su ko suna so ba kafin a karɓa, amma wannan zance ne na wata rana.

Idan duk da haka zuciyarka ta tsaya a kan sai ka hau yanzu, to ka hau da idonka a buɗe. Za su ba ka takarda ka sa hannu cewa ka san jirgin nan ba a kan ma'aunin tsaron jirgin fasinja yake ba. Ka karanta ta daga farko har ƙarshe, kada ka sa hannu kana hira. Jirgi ne mai injin ɗaya, ƙirar sama da shekara 80. Ka tambayi wane ne ke kula da injin da kuma yaushe aka yi masa babban gyara, duk wurin da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba. Idan ana nuna maka yadda ake buɗe murfi da ƙofa da yadda ake jan lemar dira daga sama, ka ajiye wayarka ka sa hannu ka gwada har sai ya zauna maka. Ka kiyaye ƙafafunka daga feda da gwiwarka daga sanda lokacin tashi da sauka, domin na bayan a haɗe suke da na gaba. In matuƙi ya ce yanayi bai yi ba a ɗage, kada ka nuna ɓacin rai ko da ka biya kuɗin jirgin ƙasa.

Kuɗin makaranta da na haya kuwa ba sa cikin wannan lissafi, ko fam ɗaya. Kuma Ummanku ba ta san da maganar ba tukuna. Ni ba zan faɗa mata ba, kai za ka kira ta ka nemi albarkarta kafin ka biya komai, ba wai ta gani a hoto ba. Ka binciko mini kuɗin awa ɗaya a Chipmunk da malami a filayen da ke kusa da kai, ka turo mini kafin ƙarshen wata mu duba tare.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a sama da ƙasa.

Wassalam,
Mahaifinka