Saƙo ga 'Yan Ƙungiya a Kan Gundumar Finney ta Jihar Kansas

Assalamu alaikum, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mazauna Amurka. Shugabannin ƙungiya suna gaishe ku da fatan kuna lafiya tare da iyalanku.

Tun bayan taronmu na ƙarshe, da yawa daga cikin matasanmu suke tambaya ko ya dace su bar tsadar manyan birane su koma Garden City neman aikin kwata. Mun ga bai kamata mu ce a tafi ko kada a tafi ba, sai mun fara bayyana yadda wurin yake da kuma abin da arzikinsa ya dogara a kai.

Garden City ita ce hedikwatar gundumar Finney da ke kudu maso yammacin Kansas, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanen gundumar sun haura 38,000. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda ido ke ƙure gani bai ci karo da tsauni ba, itatuwa kaɗan ne, iska kuwa ba ta hutawa. Ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 500 ba, wato kusan abin da Maraɗi ke samu, sai dai a can hunturu na zuwa da ƙanƙara. Kogin Arkansas ya ratsa ta, amma mafi yawan lokaci yashi ne kawai a kwarinsa. Kafin zuwan Turawa, makiyaya ce ta ɓaunar Amurka da ƙabilu irin su Kiowa da Cheyenne ke farauta. An kafa garin Garden City a 1878 a gefen layin dogo na Santa Fe, kuma a 1906 aka buɗe masana'antar sukari wadda ta riƙe garin har zuwa 1955. A tsakanin nan ne fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka kori manoma da yawa daga gonakinsu, domin an riga an kafce ciyawar da ke riƙe da ƙasa.

Abin da ya tayar da yankin daga baya ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, wanda ake kira Ogallala. Da aka samu injinan da ke iya zuƙo shi, da dogayen bututu masu tayoyi da ke zagaya gona suna yayyafi, sai masara ta samu gindin zama a inda da alkama da dawa kawai ke jurewa. Masara ta jawo turkar shanu: a 1951 Earl Brookover ya buɗe garken farko na kitsa shanu don kasuwa a garin. Shanun kuma suka jawo kwata, inda kamfanin IBP ya buɗe babbar mayanka a Holcomb, wani ƙaramin gari kusa da Garden City, a 1980, wadda kamfanin Tyson ya mallaka tun 2001, kuma ana yanka shanu kimanin 6,000 a cikinta kowace rana. Ita ce ta kawo 'yan Meziko da Biyetnam, daga baya 'yan Somaliya da ƙasar Bama (Myanmar), har garin ya zama ba ƙabilar da za ta ce ita kaɗai ce.

A nan ne muke son ku tsaya ku yi tunani. Ruwan Ogallala ya taru ne cikin dubban shekaru, kuma abin da ake zuƙa a shekara ya ninka abin da sama ke mayarwa sau da yawa. Rijiyoyi suna ƙara zurfi, wasu manoma sun riga sun koma noman damina. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san abin da ke biyo baya idan rijiyar unguwa ta fara ba da laka. Haka kuma dogaro da ma'aikata guda yana da haɗari, domin gobarar ranar Kirsimeti ta 2000 ta rufe wata mayanka ta kamfanin ConAgra da ke Garden City, ma'aikata sama da 2,000 suka rasa abin yi, ba a kuma sake buɗe ta ba. Ta Holcomb ma ta yi gobara a Agustan 2019, ko da yake an gyara ta cikin 'yan watanni.

Ba za mu ɓoye muku ba cewa a 2016 an kama mutum uku da suka shirya tayar da bam a gidajen da 'yan Somaliya ke zaune a Garden City, inda masallacinsu yake. An yanke musu hukuncin ɗauri mai tsawo, kuma mutanen gari da yawa sun fito sun tsaya tare da maƙwabtansu Musulmi.

Shawararmu ita ce wanda ya ƙuduri aniyar tafiya ya tafi da shiri. Aikin kwata tsayuwa ce ta sa'o'i cikin sanyi da wuƙa a hannu, don haka a tambayi batun inshorar lafiya da lokacin salla kafin a sa hannu a takarda. Kada a yi gaggawar zuba dukan ajiya a sayen gida, kuma a yi amfani da kwalejin da ke garin a koyi wata sana'a ta biyu, kamar walda ko aikin jinya. Masu niyya su aiko wa sakatare sunayensu kafin taro mai zuwa, domin mu haɗa su su tafi tare, kada ɗanmu ya sauka a baƙon wuri shi kaɗai.

Allah Ya yi mana jagora. Wassalam.