Wasiƙa ga Auta, a kan bugun da yake jin kunyarsa

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da kawunka da iyalinsa. Ummanka ta faɗa mini kun yi waya ranar Lahadi, ta ce muryarka a sanyaye take, wai kocin makarantarku ya hana ka kai wa ƙwallo bugu da ƙarfi, kullum sai ya ce ka yi bant, wato ka tare ƙwallo da sanda a hankali ta faɗi kusa. Ta ce har ka fara maganar barin besbol ɗin, wasan nan na Amurka da ake buga ƙwallo da sanda. Ita ba ta gane abin da kake nufi ba, amma ni na gane, don shekarun da na yi ina tuƙin tasi a New York rediyon motata ba ta rabo da wannan wasa.

Na san abin da ke ci maka rai. Abokanka suna lafta wa ƙwallo sanda ta tashi sama, jama'a na ihu, kai kuwa sai ka gitta sanda ka tare ta kawai, ta gangaro gabanka kamar an ajiye ƙwai, ka sheƙa da gudu. Gani kake don kai gajere ne aka raina ka. To bari in ba ka labarin mutumin da mafi yawan masana ke danganta wannan dabara da shi.

Sunansa Dickey Pearce, an haife shi a Brooklyn a 1836. Tsawonsa bai wuce ƙafa 5 da inci 3 da ɗan ɗori ba, ka ma fi shi. Ya buga wa Brooklyn Atlantics tun wajen 1857, zamanin da ake kama ƙwallo da tafin hannu, babu safar fata. Ya san ba zai ja da ƙarti wajen ƙarfin damtse ba, sai ya zuba ido ya ga masu tsaro duk sun ja baya suna jiran bugu mai nisa, gaban fili fayau. Nan ya riƙa ajiye musu ƙwallo. Kafin su rugo su ɗauka ya taka zango na farko, wurin da mai bugu ke rugawa ya tsira. 'Yan kallo da yawa a lokacin sun ɗauki abin a matsayin wasan yara, ba aikin maza ba, irin dai abin da kake ji a bakin abokanka yanzu.

Amma abin da na fi so ka riƙe game da Pearce shi ne bant ɗaya ce kawai daga cikin kayan aikinsa. Shi ake yaba wa da mayar da gurbin nan na tsakanin zango na biyu da na uku wurin tsaro na gaske, yana karanta mai bugu, yana matsawa tun kafin ƙwallo ta taso. Yana cikin 'yan Atlantics ranar 14 ga Yuni, 1870, da suka doke Cincinnati Red Stockings da ci 8 da 7 a zagaye na 11, ƙungiyar da tun 1869 ba wanda ya kai ta ƙasa. Bai bar babban fage ba sai 1877, yana da shekara 41, a St. Louis.

A wannan shekarar ta 1877 aka sauya wata doka. Da, in ƙwallo ta fara dira cikin fili sannan ta gangara waje, halal ce, sai masu tsaro su bi ta. Wani ɗan wasa, Ross Barnes, ya ƙware a wannan bugu ƙwarai. A 1876, shekarar da aka kafa babbar gasar National League, shi ya fi kowa, cikin bugu 100 wajen 43 sai ya kai zango lafiya. Da aka soke dokar, ga kuma zazzaɓi mai tsanani da ya kwantar da shi a shekarar, bai ƙara komawa yadda yake ba, zuwa 1881 ya gama. Ba na ɗora masa laifi, ciwo ba ya shawara da kowa. Ina dai so ka ga cewa dabarar da ta dogara da doka ɗaya, ranar da aka taɓa dokar ta tafi. Don haka ka koyi bant har ta zauna a hannunka, ka kuma roƙi kocin ya ba ka lokacin gwada cikakken bugu da tsaron fili bayan an tashi atisaye. Ka roƙa da ladabi, ba a gaban yara ba.

Akwai na uku, kuma shi ne ya hana ni barci da na tuna shi. Tom Barlow, shi ma ɗan Atlantics ne, wasu ma shi suke ba wa asalin bant, don da gajeriyar sanda yake yin ta. A 1874 ya ji rauni yana tare jifa, likita ya yi masa allurar mofin don rage zafi. Daga nan ya kamu, ta cinye masa wasa da abin hannunsa, yana saurayi. Auta, bant tana sa ka kusantar da yatsu da fuska ga ƙwallo mai gudu. In ka ji ciwo, ko ɗan yatsa ne, ka faɗa wa kawunka a ranar, ni ma ka kira ni. Kada ka karɓi ƙwaya daga hannun aboki don ka samu shiga wasan gobe. Ko likita ne ya rubuta maka mai ƙarfi, ka tambaye shi ta kwana nawa ce, kawunka ya riƙe kwalbar.

Ka ɓoye babban yatsanka da manuniya a bayan sanda in za ka tare, ka durƙusa da gwiwa maimakon ka sauke hannu. Ka ce wa ɗan kawunka ya ɗauko mini hoton bidiyo a wasanku na gaba, ina so in ga yadda kake tsayawa.

Ummanka da yayyenka suna gaishe ka. Ka kula da salla a kan lokaci. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.