Na sauya ƙwayayen halojin da LED a kicin, sun kama ƙiftawa

Assalamu alaikum Injiniya. Barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Ina neman shawara kan fitilun nan ƙanana masu zagaye da ake maƙalawa a ƙarƙashin kabad ɗin kicin don su haska kanta. Guda biyar ne, kowacce da ƙwan halojin ƙirar G4 mai ƙafa biyu, 12V, wat 20, jimilla wat 100. Dukkansu suna kan taransifoma ɗaya mai rage wutar gida zuwa 12V, ƙarama marar nauyi, irin ta lantarki ba mai naɗin tagulla ba, an rubuta 35–105W a jikinta. A bango kuma akwai makunni mai juyawa na rage haske. Saboda zafin halojin, har katakon kabad ya fara yin baƙi a kewayen fitila biyu, ga kuma cin batirin inbata, shi ya sa aka cire su aka sa ƙwayayen LED na G4 masu wat 2.

Daga nan matsala ta fara. In aka kunna, wani lokaci su kawo su ɗauke, su kawo su ɗauke, wani lokaci su yi ta ƙiftawa da sauri har ido ya yi ciwo, taransifomar kuma tana wani siririn kuka.

Ga abin da nake zargi, a gyara mini in na kauce. LED biyar wat 10 ne kacal, ita kuwa taransifomar tana buƙatar aƙalla wat 35 kafin ta tsaya da ƙafarta. Na gwada mayar da halojin ɗaya, nauyi ya zama wat 28, ƙiftawar ta ragu amma ba ta daina ba. Da na mayar da biyu, wat 46 ke nan, haske ya tsaya cak. Sai dai barin halojin biyu a ciki ba gyara ba ne, zafin da ake gudu yana nan. Mitar awo ba ta taimaka ba, lambobi barkatai take nunawa, don irin wannan taransifomar wutarta tana juyawa dubun dubatar sau a daƙiƙa, mitar gama-gari ba ta iya karanta ta daidai.

Niyyata in cire ta in sa draiba ta LED, wato na'urar da ke ba ƙwayayen wuta, mai ba da 12V DC tsayayye, wutar da ba ta juyawa, irin ta batir. Mai wat 20 ta isa, ko in ɗauki mai wat 30 saboda gaba? Na san wasu ƙwayayen G4 suna da gaba da baya a kan DC, in ɗaya ya ƙi kamawa sai a zare a juya ƙafafunsa.

Inda na fi tsayawa shi ne makunnin rage haske. Tsohon yayi ne, na zamanin halojin, shi ma an rubuta masa mafi ƙarancin wat 60. A kwalin ƙwayayen ba a ce ana iya rage haskensu ba. Shin in cire shi in sa makunni na gama-gari a huta, ko akwai draiba da makunnin da za su zauna lafiya tare, ba tare da an fasa tayil an ja sabuwar waya ba? Uwargidan tana son ta riƙa barin ɗan haske da daddare.

Sai kuma wani abu: ko an kashe, ƙwayaye biyu suna nan da ɗan haske dishi-dishi a cikin duhu. Makunnin yana da ɗan ƙwan nuni ja. Shi ne yake zurara wuta, ko wanda ya yi wayarin gidan tun farko ya ɗora makunnin a kan nutiral, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, maimakon layif, wayar da ke kawo wuta? Kafin in buɗe zan kashe daga babban akwatin wutar gidan, amma ina son sanin wanne zan fara dubawa.

Launi ma an yi ƙorafi. Masu 6500K aka sayo (K ma'aunin launin haske ne), farare fat, miyar tumatir tana fitowa kamar ta kwana. Zan koma 3000K, masu hasken da ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Murfin gilashin fitilun ma da ƙyar yake rufuwa a kan ƙwayayen, ko rufewar za ta tara zafi ta rage musu kwana?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronku kullum, mai aikin wayarin daga Zariya