Wasiƙar godiya ga ma'aikatan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugabannin hukumar FAAN masu kula da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, musamman sashen jami'an tsaro da ke binciken fasinjoji a ɓangaren jiragen cikin gida.

Na rubuto wannan wasiƙa a fili, inda kowa zai gani, saboda mu mutanen ƙasar nan idan aka ɓata mana rai nan da nan muke hawa Facebook mu faɗa wa duniya, idan kuwa aka kyautata mana sai mu yi addu'a a zuci mu wuce. Addu'ar na yi, kuma ina kan yi. Amma yaba kyauta tukuici, kuma akwai wata baiwar Allah a cikin ma'aikatanku da ya kamata na gaba da ita su san irin aikin da take yi.

Ni matar aure ce a nan Kano, maigidana yana kasuwanci a Legas, wajen Agege. A hunturun da ya wuce na shirya zuwa wurinsa da ɗanmu, wanda a lokacin ya kusa cika shekara biyu, ban daɗe da yaye shi ba. Shekarun nasa ne ma suka sa muka hanzarta. Yaron da bai kai biyu ba a cinya ake riƙe shi, abin da ake biya masa kaɗan ne. Ranar da ya cika biyu kuwa sai an saya masa kujerarsa, kuma kowa ya san yadda kuɗin tikiti ya koma. Mota ba ta cikin lissafi. Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, bas ta Sabon Gari sai an kwana a hanya, ga halin da hanyoyin suke ciki. Jirgi kuwa awa ɗaya da rabi ne an sauka.

Duk da haka gabana faɗuwa yake tun ranar da aka sayi tikitin, saboda abin da na taɓa gani a wani filin jirgi, wanda ba zan kama sunansa ba, lokacin yaron yana da kamar shekara guda. Na zo wurin bincike da goyo a baya, jaka a kowane hannu. Jami'in da ke wurin ya zaro fulas ɗin kunun yaro ya ce abu mai ruwa ba ya wucewa. Na ce masa abincin jariri ne, ga shi ma a bayana. Ko ɗaga kai bai yi ya dube ni ba. Ya nuna min kwandon shara da baki, ya ce na gaba ya matso. Ina tsaye ina roƙonsa wani mai babbar riga ya zo da mai riƙe masa jaka, aka buɗe musu hanya ta gefe har da rusunawa. Wani daga cikin jami'an ya matso kusa da ni ya ce a hankali idan akwai ɗan na goro za a iya dubawa. Na juye kunun na wuce. Da aka kira shiga jirgi aka yi ta turereniya, ƙarti suna bangaje mai goyo, na hau matakalar nan da kaya niƙi-niƙi ma'aikata suna tsaye a gindinta suna hira. A ciki aka sa ni tsakanin maza biyu, inda shayar da yaro ya zama abin kunya da takura. Da jirgi ya fara sauka yaron ya ƙwalla ƙara, yana miƙewa yana dukan kansa, ya ƙi nono ya ƙi rarrashi. Na baya suna tsaki. Wani ya leƙo ya ce, "Madam, ki lallashi ɗanki mana." Shi yana kuka ni ina hawaye har muka taɓa ƙasa, kuma babu ma'aikaci ɗaya da ya zo ya ce min ga abin da ke damunsa.

Da wannan zuciyar na iso filinku da sassafe. A jakata har da kwalbar maganin mura mai sa barci, wadda wata 'yar uwa ta ba ni ta ce in ɗura masa kafin a tashi, kowa ya huta.

A layin mata na sami ma'aikaciyar da na ambata tun farko. Babbar mace ce, za ta yi sa'ar yayata ta fari. Ba zan sa sunanta a nan ba tunda ban nemi izininta ba. Tun ina nesa ta hango ni ina fama, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Ke kaɗai ce da shi? Ajiye jakunkunan nan, ki kwance min angona." Na sauke shi. A hannunsa akwai wata 'yar motar roba ja da ba ya rabuwa da ita ko a barci, kuma dole ita ma ta bi ta cikin na'urar binciken kaya. Ina kai hannu ya fara taɓe baki. Sai matar nan, da inifom ɗinta, ta durƙusa har gwiwarta na taɓa ƙasa, ta ce masa, "Ango, motarka gareji za ta shiga ta fito ta can. Sa ta da kanka, mu je mu taro ta." Shi ya ɗora ta a tiren da hannunsa. Ta riƙe masa ɗan yatsa suka bi ta ƙofar bincike, suka tsaya a ɗaya ɓarin yana leƙen labulen robar nan har motar ta ɓullo. Ya yi tsalle ya cafke abarsa. Mutanen da ke layi har dariya suka yi.

Kada wani ya ɗauka sassauci ta yi min. Ta shigar da ni bayan labule ta laluba ni yadda ake yi wa kowa, ta zazzage zanin goyon, ta sa aka sake buɗe jaka ɗaya saboda wani abu da suka gani a na'ura, ashe cokalin yaro ne. Da ta zo kan fulas na ji cikina ya ɗuri ruwa. Ta ce mene ne a ciki, na ce, "Kunun gyaɗa ne, Anti, na yaro." Ta buɗe ta shinshina, ta ce in zuba kaɗan a murfi in kurɓa. Na kurɓa. Ta rufe da kanta ta mayar min cikin jaka. Ta ce dokar taƙaita abu mai ruwa zuwa mililita 100 gaskiya ce, ta samo asali ne a 2006 bayan an bankaɗo wani shirin tarwatsa jirage a Ingila da abubuwan fashewa masu ruwa, amma tun farkonta an keɓe madarar yara da abincinsu da magunguna. A duba su ne kawai, ba a ƙwace ba. Na tsaya ina kallonta. Wancan jami'in da wannan matar doka ɗaya suke aiki da ita. Shi rabin da ke hanawa kawai ya riƙe, ita kuwa ta san ta duka, har da rabin da aka rubuta domin irina.

Ranar kuma hazo ya sauko sosai. Duk wanda ya tashi a Kano ya san irin safiyar nan ta Disamba da Janairu, da ƙurar da iska ke kwasowa daga hamadar arewacin Chadi take rufe gari har rana ta koma fari fat. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta kan yi gargaɗi a kai, kuma idan nisan da matuƙi ke iya hangowa ya gaza ƙa'ida, jirgi ba ya sauka. Namu daga Legas zai taso, don haka aka ce mu jira. Wannan ba laifin kowa ba ne, gara a daɗe a ƙasa lafiya. Kamfanin jirgin ya riƙa sanarwa, ya kuma raba ruwa da biskit da jiran ya yi tsawo, kamar yadda dokar kare fasinja ta NCAA, hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama, ta tanada, abin da kamfanoni da yawa suke yi kamar ba su taɓa ji ba.

Amma babba ne ke gane hazo. Yaro ɗan shekara biyu da aka tasa tun asuba ba ruwansa da shi. Ya zagaya ɗakin jiran nan ya gaji, ya ja igiyar cajin wani bawan Allah, ya kwanta a ƙasa ya yi birgima. Azahar ta yi, ga shi ya ɓata jikinsa, ga kaya ba mai tsare min. Ina cikin wannan sai ga ta. Hutun cin abincinta ne, ta ce ta tuna da mu ne da ta ji har yanzu jirgin Legas bai tashi ba. Ta ɗauki jaka ɗaya ta ce in biyo ta. Ta kai ni inda na wanke shi na canja masa famfas a tsanake, ta ba ni sallayarta, ta riƙe shi a kafaɗa tana zagayawa da shi har na yi alwala na yi salla. Abincinta na gefe a leda yana hucewa.

Wajen mayar da kaya ne ta ga kwalbar maganin. Ta ɗauka ta karanta, ta ce, "Likita ne ya rubuta masa?" Na ce a'a. Ta ce to in mayar da shi gida yadda na zo da shi. Irin wannan magani ba a ba ƙaramin yaro don kawai ya yi barci, wasu yaran ma maimakon barcin sai ya birkita su. Sannan ta zauna ta yi min bayanin da na so a ce wani ya yi min tun wancan karon. Ta ce kunne ne. Iskar cikin jirgi idan yana sama ba ta kai ta ƙasa nauyi ba, kamar mutum yana kan tudun da ya fi na Jos ne. Idan jirgi ya fara saukowa nauyin iskar yana ƙaruwa, yana danna dodon kunne ta waje. Akwai wata 'yar hanya daga cikin kunne zuwa bayan maƙogwaro da ke buɗewa idan mutum ya haɗiyi abu ko ya yi hamma, ita ce ke daidaita abin. Ta yara siririya ce, ga mura ta hunturu da ke toshe ta. Babba zai haɗiyi yawu ya ji kunnensa ya buɗe, yaro bai san ya yi haka ba, sai dai ya ji zafi ya yi ihu.

"Kada ki cika masa ciki yanzu," in ji ta. "Ba shi kaɗan, ki rage. Idan kin ji an ce a ɗaura bel za a fara sauka, kamar saura rabin awa ke nan, ki tashe shi in yana barci, ki riƙa ba shi kunun kaɗan-kaɗan har ku sauka. Ni ma haka na yi da nawa."

Bayan la'asar gari ya ɗan washe, jirgi ya iso. Ashe ta yi magana da wani saurayi cikin abokan aikinta da ke bakin ƙofa. Shi ya ce masu yara da tsofaffi su fara fitowa, ya karɓi jakata har gindin matakala. Na ciro ɗan abin da ya sawwaƙa na miƙa masa, ya ja da baya ya ce, "Haba Hajiya, ki saya wa yaro alawa." Ma'aikatan jirgin su ma sun yi nasu, suka kawo ƙaramin bel ɗin da ake maƙalawa a na uwa, suka mayar da ni kujerar gefen taga kusa da wata dattijuwa. Da aka fara sauka na yi yadda ta ce. Ya kama kunnensa ya yi ɗan ƙorafi, na kai masa kofi baki, ya haɗiya, ya saki kunnen. Haka muka yi ta yi har tayoyi suka taɓa ƙasa a Ikeja. Babansa da ya tare mu ya ga yaro yana dariya ya ce anya jirgi muka hau.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda wannan ya zama abin mamaki har nake rubuta wasiƙa a kansa. A ƙasar nan mace mai goyo idan ta shiga ofis, kallon matsala ake yi mata tun daga bakin ƙofa. Ki je asibiti da yaro jikinsa zafi rau, mai ba da kati tana danna waya, in kin yi magana ta ce ke kaɗai ce mai ɗa. A banki ki tsaya a rana da goyo mai gadi yana shigar da waɗanda ya sani. A tasha a cusa ki a kujerar baya, a ce yaron ma sai kin biya masa ko ki sauka. Kullum amsar ɗaya ce, wai albashi ba ya isa, aiki ya yi yawa. Na yarda albashi ba ya isa. Amma matar nan ma albashin gwamnati take ɗauka, tun asuba take tsaye, kuma kasuwar da suke zuwa ita ma nan take zuwa. Wasu ma'aikatan sun mayar da ɗaure fuska alamar iya aiki, suna ganin in suka yi wa talaka bayani girmansu zai zube. Mafi yawan matan da ke bi ta filayen jiragenmu da yara, masu zuwa Umara da masu bin miji wani gari da masu kai yaro asibiti, ba su san abin da doka ta ba su ba, kuma akwai masu cin abinci da wannan rashin sanin.

Tun 1925 jirgi yake sauka a Kano, kuma filinku shi ne mafi daɗewa a Najeriya. Sunan da yake ɗauke da shi na mutumin da ya ƙare rayuwarsa, har rasuwarsa a 1983, yana faɗa a kan a daina wulaƙanta talaka, a kuma ba mata haƙƙinsu. Ranar nan na ga ma'aikaciyar da ta dace da wannan suna.

Ina roƙon shugabanni su duba jadawalin masu aikin safe a layin mata, ba za ta yi wuyar ganewa ba, abokan aikinta sun san ta. A yaba mata a gaban sauran, kuma idan an ɗauki sababbin ma'aikata a tsayar da su kusa da ita su ga yadda take yi. Sannan a rubuta sanarwa da Hausa a manna a bakin wurin bincike, cewa abincin yara da madararsu suna wucewa bayan an duba, domin uwar da ba ta jin Turanci ta shigo da saninta.

Anti, idan wannan ta iso gare ki, angonki yana gaishe ki. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a, ya sa a yi wa naki fiye da abin da kika yi wa nawa. Saurayin bakin ƙofa shi ma Allah ya yi masa albarka. Amin.

Taku,
Wata uwa daga Kurna, Kano.