Sauya Lambar Kira Bayan Ƙarin Matakin Lasisin Rediyo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wata tambaya da matasanmu masu karatun injiniya a nan Amurka suke yawan yi mini, wato ko ya kamata mutum ya sauya lambar kiransa ta rediyo idan ya ci jarrabawar da ta ɗaga matakin lasisinsa. Amsar da nake ba su ita ce babu dokar da ta wajabta haka, kuma bai kamata a yi gaggawar sauyawa ba sai da dalili na aiki.

Masu karatu da suka taso suna murɗa akwatin rediyo suna neman mita 19 ko mita 25 a gajeren zango ba za su sha wahalar fahimtar abin da nake magana a kai ba. A tsakanin zangunan da manyan gidajen rediyo suke watsa shirye-shiryensu akwai wasu gurabe, irin su mita 20 da mita 40 da mita 80, waɗanda aka keɓe wa ɗaiɗaikun mutane masu sha'awar harkar, su kafa eriya a bayan gida, su yi magana da takwarorinsu na kusa da na nesa, ba don neman kuɗi ba. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da lambar kira da hukumar ƙasarsa ta ba shi, kuma farkon lambar shi yake nuna ƙasar, bisa rabon da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke Janeba ta yi. Najeriya tana da 5N, Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Cadi TT, Sudan kuma ST. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikin masu wannan sha'awa, kuma da JY1 aka san shi a iska. Lambobin Amurka suna farawa da K ko N ko W, ko kuma haruffa biyu daga AA zuwa AL.

A Amurka hukumar sadarwa ta tarayya, wato FCC, ce take ba da lasisin, kuma tun shekarar 2000 matakai uku take bayarwa ga sababbin shiga. Na farko shi ne Technician, mai tambayoyi 35 da ake bukatar a ci 26. Na biyu General, shi ma 35 ne. Na uku kuma Extra, mai tambayoyi 50 da sai mutum ya ci 37. Tun watan Fabrairun 2007 aka daina jarraba mutane a kan buga tangarahu na Morse, ko da yake masu amfani da shi suna nan da yawa har gobe. Ba a shardanta zama ɗan ƙasa ba, shi ya sa ɗalibanmu suke iya zama jarrabawar. Lasisin yana aiki na shekara 10, kuma sabon shiga yana samun lamba mai gurbi shida: haruffa biyu, sai alƙalami ɗaya da ke nuna yankin da yake zaune, sai haruffa uku. Alƙalamin 3 na Maryland da Pennsylvania da Delaware ne, 5 ya haɗa da Texas, 6 kuma na California ne.

Ranar jarrabawar ƙarin mataki, wadda akasari a ɗakin taro na laburare ko na coci ko na 'yan kwana-kwana ake yin ta, masu jarrabawa uku 'yan sa kai ne suke duba takardar mutum a gabansa, su sa hannu a kan shaidar cewa ya ci. Daga wannan lokaci yana da damar amfani da ƙarin guraben zango da sabon matakin ya buɗe masa, muddin zai riƙa ƙara AG, idan General ya ci, ko AE, idan Extra ne, a ƙarshen lambarsa har zuwa ranar da sabon matakin zai bayyana a rajistar hukumar. A kan fom ɗin da yake cikewa a zaman nan akwai wani ɗan gurbi da ake tambayarsa ko yana so a sauya masa lamba. A nan ne mutane da dama suke yanke shawarar da ba su zauna sun yi tunani a kanta ba, domin mutum yana cikin murnar cin jarrabawa, ga alƙalami a hannu, ga wani a gefe yana cewa ai wanda ya kai wannan mataki bai kamata ya ci gaba da riƙe lambar 'yan koyo ba. Idan ya bar gurbin ba komai, lambarsa tana nan yadda take, matakinsa kawai ake ɗagawa. Idan ya cike, kwamfutar hukumar za ta ba shi lambar da ke biye a layi, ba wadda ya zaɓa ba, kuma ta ƙwace tsohuwar.

Wanda ya tashi daga Technician zuwa General ya kamata ya san cewa cike wannan gurbi ba zai rage masa ko harafi ɗaya ba. Lambobi masu gurbi biyar da a da ake raba wa masu wannan mataki a jere sun daɗe da ƙarewa a yankunan babban yankin ƙasar, saboda haka wata lamba mai gurbi shida zai samu, baƙuwa, wadda babu wanda ya san shi da ita. Ga wanda ya kai Extra ne kaɗai layin yake ba da lamba mai gurbi biyar. Masu gurbi huɗu kuwa, wato harafi ɗaya da alƙalami da haruffa biyu, ko akasin haka, waɗanda su ne kowa yake kwaɗayi, ba a samun su sai ta hanyar neman lambar zaɓi.

Wannan hanya ta zaɓi, wadda aka buɗe a 1996, tana da ƙa'idojinta. Mutum zai shiga shafin hukumar a intanet ya jera lambobin da yake so har guda 25, daga wadda ya fi so zuwa ƙasa, ya biya dala 35, kuɗin da aka fara karɓa a watan Afrilun 2022, sannan ya jira kimanin kwana 18. Ba kowace lamba ba ce take hannu. Idan mai lamba ya rasu, ko ya sake ta, ko lasisinsa ya ƙare bai sabunta ba, sai an yi shekara biyu kafin wani bare ya iya neman ta, sai dai an yi wa dangin mamaci na kusa rangwame su nemi lambar mahaifinsu ko mijinsu kafin cikar wa'adin, kuma wannan tsari ne da na ga ya dace. Akwai masu bin rajistar kullum suna lissafin ranar da wata gajeriyar lamba za ta fito, kuma idan mutane da yawa suka neme ta a rana ɗaya, ƙuri'a ake jefawa. Wanda ƙuri'ar ba ta faɗa kansa ba, ba a mayar masa da kuɗinsa. Ina ganin wannan bai yi adalci ba, domin mai hali zai iya ta biya yana sake gwadawa har ya dace, shi kuwa ɗalibin da yake lissafin kuɗin haya da na abinci sau ɗaya ko biyu zai gwada ya haƙura.

Ba na musun cewa gajeriyar lamba tana da amfani na gaske. Doka ta ce mutum ya faɗi lambarsa kowane minti 10 da kuma ƙarshen magana, kuma masu shiga gasa, inda ake ƙirga yawan tashoshin da mutum ya tuntuɓa cikin kwana biyu, suna maimaita ta sau dubbai. Haka nan idan wata tasha daga ƙasar da ba a cika jin ta ba ta hau iska, ɗaruruwan mutane ne suke kiran ta a lokaci guda, muryoyi suna hawa kan juna, mai tashar kuma yana ƙoƙarin tsamo ko da haruffa biyu daga cikin hayaniyar. Wanda lambarsa take fita da sauri kuma a sarari shi ake fara ji. Sai dai yawan gurabe ba shi kaɗai ba ne ma'auni, kuma a nan ne masu gaggawa suke garin neman gira su rasa ido. A tangarahu dogon bugu ɗaya daidai yake da gajeru uku. Harafin E gajeren bugu ɗaya ne tak, alhali Q dogaye uku ne da gajere ɗaya. Alƙalamin 5 gajeru biyar ne, sifili kuwa dogaye biyar. Saboda haka lamba mai gurbi huɗu da ta ƙunshi sifili da Q da J tana iya ɗaukar lokaci fiye da mai gurbi biyar da haruffanta suke da sauƙi. Lambar da ta ƙare da E kuma ƙarshenta yakan ɓace a cikin ƙarar iska, wadda ta ƙare da K kuwa tana rikita mai sauraro, domin da K ake cewa an gama magana, ɗaya ɓangaren ya amsa. Mai magana da makirfo shi ma ya kamata ya furta lambar da ƙarfi sau da yawa kafin ya neme ta, ya ji yadda take fita da irin harshenmu, domin akwai haruffan da Bature yake ji daidai daga bakinmu, akwai waɗanda sai ya ce a maimaita.

Abin da nake so matasa su auna shi ne abin da ake rasawa. A wannan harka ba a san mutum da fuska ba, sau da yawa ma ba a riƙe sunansa na yanka, lambarsa ce sunansa. A taron da ake yi ta rediyo da daddare sau ɗaya a mako a yankinmu, dattijon da yake jagoranta yana kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya daga takardarsa, kuma da ya ji haruffa ukun ƙarshe ya san ko wane ne, har ya tambayi mutum jikin matarsa ko labarin eriyar da iska ta kayar masa. Wanda ya zo da sabuwar lamba sai ya yi watanni yana cewa shi ne wane na da, kamar ɗan kasuwar da ya sauya lambar waya yana bin abokan ciniki ɗaya-ɗaya yana sanar da su. Na nesa kuwa, wanda kuka gaisa da shi daga Japan ko Brazil shekarun baya, idan ya buga sabuwar lambar a kwamfutarsa ba zai ga komai a kundinsa ba, zai ɗauke ka baƙo.

Ga kuma aikin takardu. Katunan shaidar tuntuɓa da mutum ya buga da tsohuwar lamba sun zama na ajiya, waɗanda ke kan hanya daga ƙasashen waje kuma da tsohuwar lambar za su iso, kuma tunda ofisoshin da suke rarraba su bisa alƙalamin da ke cikin lamba suke aiki, wanda ya sauya alƙalami sai ya riƙa hulɗa da ofis biyu. Kundin intanet na ARRL, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, wanda da shi ake tabbatar da tuntuɓa ga masu neman shaidar kaiwa ƙasashe 100, yana bukatar sabuwar takardar izini ga sabuwar lamba, a kuma haɗa ta da tsohuwar don kada ƙirgen baya ya watse. Wanda ya sa lambarsa a jikin mota sai ya koma ofishin lasisin motoci. Tsohuwar lambar kuma, idan shekara biyu suka wuce mai ita bai dawo ya neme ta ba, wani zai iya ɗauka ya ci gaba da amsa ta.

Hujjar da aka fi kafawa, cewa lamba ita take nuna matsayin mutum, ba ta da ƙarfi a Amurka. A Ingila farkon lambar yakan nuna mataki, M7 na masu farawa ne, M0 na masu cikakken lasisi. A nan kuwa akwai ƙwararrun da suka kai Extra tun da daɗewa suna riƙe da lambarsu ta farko mai gurbi shida, kuma babu wanda ya hana su shiga farkon zangon mita 20, daga megahaz 14.000 zuwa 14.025, inda masu wannan mataki kaɗai aka yarje wa. Damar tana tare da lasisin, kuma duk mai shakka zai iya duba rajistar hukumar, wadda a buɗe take ga kowa. Shawarata ita ce wanda bai daɗe da shiga ba, kuma ya tabbata gasa ko tangarahu zai fi mayar da hankali a kai, ya sauya da wuri, sau ɗaya, ta hanyar zaɓi, bayan ya gwada lambar a baki da kuma a bugu. Wanda ya riga ya yi suna da tasa ya bar gurbin nan na fom ba komai, tunda ƙofar neman sauyi ba ta rufewa, ko bayan shekara nawa ne.

Ga waɗanda suke da niyyar komawa gida bayan karatu akwai ƙarin abin dubawa. Lasisin FCC, ko da na Extra ne, ba ya ba mutum izinin kunna na'urar watsa magana a Kano ko Zariya ko Damagaram. Sai ya nemi izinin hukumar ƙasar da yake ciki, kuma ya kamata ya yi haka kafin ya sa na'urar a jakarsa. Wanda ya san shekara biyu ko uku suka rage masa a nan, gara ya adana dala 35 ɗinsa da lokacinsa ya fara bin hanyar samun lamba mai farawa da 5N ko 5U, domin tashoshin ƙasashenmu ba su da yawa a iska, kuma duk ranar da ɗaya ta kira a mita 20, mu da muke wannan gefen teku layi muke yi muna jiran ta amsa mana.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
daga jihar Maryland, Amurka.