Wasiƙa zuwa Fatakwal a kan ƙiba da ciwo

Unguwar Mabera,
Sakkwato.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara baki ɗaya, kuma kasuwa tana tafiya yadda ake so. Mu nan sai godiyar Allah. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, har mutum ba ya hango hasumiyar masallaci da safe sai ya matsa kusa.

Saƙonka ya iso gare ni, kuma na karanta shi har sau uku. Na ji likita ya tabbatar maka da ciwon suga a kan hawan jinin da ka daɗe kana fama da shi. Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba ka lafiya mai amfani. Labarin ciwon bai firgita ni ba, domin mutane suna rayuwa da shi shekara da shekaru suna harkokinsu. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙarshen saƙon, inda ka ce ka ƙudurta zubar da kilo 20 kafin azumi, ka daina cin abincin rana da na dare, ka sayi wani shayin rage ƙiba, sannan ka ajiye ƙwayoyin asibiti har ka ga abin da hali zai yi. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, ni kuwa na riga ka shiga wannan hanya da shekara shida.

Ka tuna lokacin da na rame farat ɗaya, kana yi mini tsiya cewa fansho ya hana ni cin nama? Ni kaina murna nake yi, ina ganin tumbi ya sauka ba tare da na wahala ba, alhali ina kwana ina tashi fitsari sau biyar, ƙishirwa kuma ba ta barina. Ashe wannan rama ta ciwo ce. Suga ne ya yi yawa a jini har yana fita cikin fitsari, jiki kuma ya koma yana cin kitsensa da tsokarsa. Da aka ɗora ni a kan magani jinin ya daidaita, sai ƙibar ta dawo har ta wuce yadda take. Ranar da nas ta ce in hau sikeli, na ga kilo 101, ga tsayina mita 1.72 kacal. Ta yi lissafin da suke yi, wato a raba nauyi da tsayi sau tsayi, ta samu 34, ta ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa an shiga ƙiba sosai. Lambar ba ta dame ni ba kamar yadda gwiwata ta dame ni. A lokacin na kai ba na iya zaman tahiya, sai dai a ajiye mini farar kujerar roba a ƙarshen sahu, in yi salla a zaune tare da dattawan da suka haife ni.

Sai na yi irin shawarar da kake shirin yi yanzu. Na hana kaina abinci, in kurɓi ruwan shayi ba suga da safe, in wuni haka, amma ban daina shan maganin suga ba. A rana ta huɗu na shiga Babbar Kasuwa sayen yadi, wajen ƙarfe goma sha biyu. Ina tsaye ana auna mini sai na ji zufa mai sanyi ta keto mini, hannuna yana rawa, mai shagon yana magana ina jin muryarsa kamar daga cikin rijiya. Na zame na zauna a kan dilar atamfa. Allah Ya taimake ni mahaifiyar yaron shagon tana da irin ciwon, ya gane abin da ke faruwa, ya ruga ya kawo lemun kwalba ya ɗura mini. Cikin minti goma sha biyar na dawo hayyacina, aka ɗora ni a kan kabu-kabu zuwa gida, yaron yana riƙe da ni ta baya.

Da na koma asibiti likitata ba ta ɓoye fushinta ba. Ta bayyana mini cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyina, glibenclamide, yana sa jiki ya fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauko da suga a jini, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, saboda haka wanda ya sha shi ya zauna da yunwa, suga zai faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, daga nan kuma sai suma, wani ma ba ya farfaɗowa. Ta ce mai lafiya yana iya gwada duk dabarar da ya ga dama ya sha wahalarsa ya warware, amma mai shan maganin suga da na hawan jini, abincinsa da maganinsa a ɗaure suke da igiya ɗaya, ba a taɓa ɗaya sai an duba ɗayan. Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna maka. Ajiye maganin da ka yi niyya shi ma haɗari ne ta ɗaya gefen, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya bugar da mutum, kuma ka san mutane nawa muka je dubawa da shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ta tsara mini bai yi kama da abin burgewa ba. Ta ce in manta da kilo 20, in nemi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina, wato kilo biyar zuwa goma, domin wannan kaɗai yana sauko da suga da hawan jini yadda za a gani a gwaji. Ta ce rabin kilo a mako ya isa. Ta rage mini glibenclamide tun daga ranar, ta bar ni a kan metformin, wanda ba ya ƙara ƙiba kuma da wuya shi kaɗai ya faɗar da suga, ta kuma sa na sayi na'urar gwaji da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, in riƙa rubuta abin da na gani kowace safiya.

Batun abinci ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma yawancinsa a hannun uwargida aka yi shi. Ba a hana ni tuwo ba. An dai rage malmala daga uku zuwa ɗaya, aka cika gurbin da miya mai ganye da yawa, yau alayyafo, gobe yakuwa ko kuɓewa, ga kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli kaɗan, ga wake wanda na gano yana riƙe mini ciki fiye da shinkafa. Tuwon dawa da na gero sun karɓi wurin tuwon shinkafa a yawancin darare, ko da yake kada wani ya ruɗe ka cewa gero ko acha ko alkama ba sa tayar da suga. Duk hatsi ne, yawan da aka ci shi ne magana. Fura ce ta fi yi mini ciwo. Ka san Basakkwace da fura. Na saba a dama mini kwano guda da rana, da nono da suga, in sha in kwanta. Yanzu ludayi biyar ne ko shida, nono ya fi furar yawa, ba suga, kuma na gwada da na'ura na ga bambancin da idona. Lemun kwalba kuwa na bar shi sai na ajiyar ko-ta-kwana a aljihun mota, tunda ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi tara. Gishiri ma an taɓa shi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya, kuma ɗanɗanon dunƙule da ake jefawa a tukunya yawancinsa gishiri ne. Uwargida ta koma wa daddawa da albasa da tafarnuwa, yara suka yi ta ƙorafi na mako biyu, daga baya suka saba. Kai da kake ƙasar garin rogo, sai ka lura da teba da sakwara. Na daɗe ina zargin ba banza ba sunan teba ya yi kusa da teɓa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne kunya. Mu da muka tashi ana cin abinci a tire ɗaya, ranar da aka fara kawo mini nawa a ɗan faranti daban a zaure, sai na ji kamar an ware ni daga jama'a. A wurin ɗaurin aure da suna kuwa, idan ka tsame hannu da wuri sai mai gida ya ga kamar ka raina abincinsa. Na koyi faɗin gaskiya kai tsaye, in ce likita ne ya sa mini doka, kuma na lura da zarar na faɗa sai mutum biyu ko uku a wurin su ce su ma suna da shi. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, na raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, ya fitar da ni a wurare da yawa, don ba mai iya musa shi a gaban malamai.

Sai kuma bakin mutane bayan jikin ya fara sauka. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce da wadata, rama kuwa ko ciwo ko talauci ko damuwa. Wata gwaggona ta zo har gida ta tsare uwargida da tambaya ko wani abu ya shiga tsakaninmu. Telana da na kai wa riguna ya rage, ya ɗora awo a ƙuguna, ya duba tsohon littafinsa, ya sake aunawa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, in dai wani abu ne a faɗa mana mu taya da addu'a." Na yi dariya har na ba shi tsoro.

Motsa jiki ban wahalar da kaina ba. Abin da ake nema minti 150 ne a mako, ni kuma na raba shi rabin awa sau biyar, bayan sallar asuba, tun rana ba ta fito ba, domin ka san a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ba ya wasa da rashin ruwa a jiki. Da minti goma na fara saboda gwiwa. Likita ta ce kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku, ta kuma raba ni da diclofenac, maganin ciwon jiki da nake saye a kemis kamar gyaɗa, saboda irinsa yana tayar da hawan jini yana kuma cutar da ƙoda. Ka nemi takalmi rufaffe mai laushi, ka riƙa duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu kullum da dare, domin suga yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai sani ba har ta zama gyambo.

Shayin da ka saya, don Allah ka kai wa likita kwalin ya karanta. Da yawa daga irinsu ganyen filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da fitsari. Sikeli zai nuna ka ragu, amma ruwa ne ya fita, kitsen yana nan, ƙodar da suga da hawan jini suka riga suka sa a gaba kuma ita za ta biya bashin.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne suga yana warkewa idan an rame. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. An yi wani bincike a Birtaniya mai suna DiRECT, aka fitar da sakamakonsa a 2017, inda kusan rabin waɗanda aka sa a tsarin rage nauyi suga ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara ɗaya, kuma waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye su suka fi dacewa. Sai dai mutanen ba su daɗe da ciwon ba, ma'aikatan lafiya ne suke bin su sau da ƙafa, kuma ciwon yana dawowa idan nauyin ya dawo. Kai da ciwonka sabo ne kana da damar da ni ban samu ba, saboda haka ka kai wa likitanka wannan magana, ku tsara tare.

Ni dai ga inda nake: kilo 90, bayan wata goma sha huɗu, kuma wata uku ke nan sikelin ya kafe. A babbar salla ma kilo biyu suka dawo, sai da na yi wata guda kafin na kore su. Gwajin sugan nan na wata uku da ake kira HbA1c ya sauko daga 9 da ɗoriya zuwa 7.1, an cire mini glibenclamide gaba ɗaya, kujerar roba kuma na bar wa wani dattijo a masallaci.

Game da azumi, kada ka ɗauke shi hanyar rage ƙiba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ga likita tun saura wata ɗaya ko biyu, ya duba ko za ka iya, ya canza maka lokutan magani. Idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 da rana, a karya azumin ake yi, kuma Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara. Ni bara ƙosai da kunu mai suga na buɗa-baki suka fi ba ni wahala, ba yunwar ba.

Na ba direban motar albasa da zai taso ranar Asabar ƙullin busasshen zogale da garin kuka da daddawa, uwargida ce ta haɗa wa maiɗakinka, zai kira ka idan ya iso. Ka koma kan ƙwayoyinka yau ɗin nan, ka sayi na'urar gwaji, ka turo mini abin da ka gani na safiya bakwai a jere. Ka gaishe mini da iyali da duk mutanenmu na can.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Mabera.