A waiwayi masaƙan Marwa

Ranka ya daɗe Edita,

Ni jikar masaƙi ce a Marwa ta ƙasar Kamaru, kuma ina so masu karatu su ji labarin wata masaƙiyar ƙasar Norwe, Hannah Ryggen. A Malmo ta ƙasar Suwidin aka haife ta a 1894. Malamar makaranta ce kafin ta auri mai zane Hans Ryggen, suka tare a wata 'yar gona a Orland ta ƙasar Norwe a 1924, ba lantarki, ba famfo. Babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata saƙa. Mijin ne ya haɗa mata masaƙa, ita ke kaɗin zaren ulu, ita ke rini da ganye da ɓawon itace. Shuɗinta kuwa da tsimammen fitsari take tayar da shi, kamar yadda marinanmu ke tayar da baba da toka.

Abin da ya fi kama ni shi ne abin da take saƙawa. Da Italiya ta afka wa Habasha a 1935, wannan mata da ke can ƙarshen duniya ta saƙa ƙaton kilishin bango, ga Musolini, shugaban Italiya na lokacin, mashi ya huda masa kai. An baje shi a Paris a 1937. Jamusawan da suka mamaye Norwe sun tsare mijinta a sansanin fursunoni na Grini a 1944, ba ta ajiye zare ba. Ta rasu a 1970, amma wani aikinta na 1958 yana rataye a ginin gwamnati a Oslo lokacin da bam ya tashi ranar 22 ga Yulin 2011. Ya yage, aka ɗinke, tabon yana nan ana gani.

Mu ma bam ya tashi a kasuwarmu a Yulin 2015. Wa ya saƙa mana wannan? Audugarmu ta isa, hannun ma akwai. Na san tsofaffin da ƙoshiya ke gudu a hannunsu ido bai iya bin ta, amma saƙinsu ya tsaya ga gwado da ƙyallen 'yan yawon buɗe ido, jikokinsu sun koma tuƙa babur. Na san wasu za su ce surar mutum ba ta halatta ba. To, launi da ajami sun isa ɗaukar sunayen waɗanda muka rasa.

Roƙona, ku turo wakilinku ya zauna da masaƙan nan, ya ji ta bakinsu, ku buga aikinsu tun suna raye.

Taku,
Wata mai karatu daga Marwa, Kamaru